Kwalabar da Ta Rage a Kusurwa

Sau huɗu ina ratsa Jidda ban taɓa kwana a cikinta ba. Haka yawancinmu muke yi wa garin nan. Jirgi ya tashi daga filin Malam Aminu Kano, kafin awa biyar ya dire a filin Sarki Abdul'aziz, mu fito da harami a jiki, zuciya ta riga ta kai Makka. A dawowa kuma hankali yana kan awon kaya da jarkar zamzam. Wanda ya yi ƙoƙari shi ne ya leƙa Bab Sharif ya sayo jallabiya da darduma na tsaraba. Garin da tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, wajen shekara ta 26 bayan hijira, yake tashar ruwan Makka, mun mai da shi soro: a yi sallama a wuce.

A wannan karon Yaya ta ce atafau sai na kwana. 'Yar baffana ce, aure ya kai ta can fiye da shekara talatin. Mijinta haifaffen ƙasar ne. Kakansa ya bar ƙasar Kano a ƙafa, ya bi ta Barno da Chadi da Sudan, yana tafe yana ƙwadago, har ya tsallake Bahar Maliya daga Sawakin. Zuriyar irin waɗannan matafiya ce ake gani da Hausawi a ƙarshen sunansu, kamar Usama Hausawi da ya daɗe yana tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya. Da na kammala umara sai na hau jirgin ƙasan Haramain, wanda aka buɗe a 2018, ban gama lazimin da na fara ba muka iso tashar Sulaimaniyya. Babban ɗanta ne ya tarye ni.

"Kawu, sannu da hanya. Allah ya karɓa. Yalla, Umma tana can tana jira."

Da la'asar ya kai ni Al-Balad, tsohon gari. Gidaje ne masu hawa huɗu da biyar, an gina su da duwatsun murjani na bakin teku, da tagogin katako masu turowa waje da suke kira rawashin, inda iska ke shiga ido kuma ba ya shiga. Ya nuna mini gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925. Ganuwar garin an rushe ta tun 1947, sai ƙofofi da aka sake ginawa, amma abin da ya rage sun riƙe shi har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2014. Na daɗe a tsaye ina tuna badalarmu ta Kano, yadda ake yankarta fuloti-fuloti muna kallo. Ban ce masa komai ba.

Ranar Alhamis ce, wadda a can ita ce daren hutu tunda Juma'a da Asabar ba aiki. Bayan isha'i muka bi ta gaɓar teku, maɓulɓular Sarki Fahad tana harba ruwa sama wajen mita 300, iska mai gishiri tana manne wa mutum riga a jiki. Sai ya ce, "Kawu, ka taɓa buga bolin?"

Na ce a talabijin kawai nake gani.

Ƙarar ce ta fara tarar mu tun daga matakala: rugugi kamar na hadari daga nesa, sai kuma katako ya tarwatse. Zaure ne mai faɗi da sanyi, layuka a jere suna sheƙi, a ƙarshen kowanne fararen kwalabe goma a tsaye. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mutanen. Ga samari 'yan jami'a, ga wani dattijo ya naɗe hannun jallabiyarsa yana jifa da jikokinsa, ga mata cikin abaya suna lissafin maki, ga ƙaramin yaro an ɗaga masa shinge a gefen layi don kada ƙwallonsa ya faɗa kwata. Ana yawan maganar sauyin da Saudiyya ta yi tun 2018, shekarar da aka sake buɗe gidajen sinima aka kuma bar mata su yi tuƙi. Wasan nan ya riga wannan sauyi zama a ƙasar. Tun 2006 Badar Al-Shaikh ya ciyo wa Saudiyya zinare da shi a gasar wasannin Asiya da aka yi a Doha.

A kanta aka karɓi takalmanmu aka ba mu nasu. Na juya ɗaya na duba ƙasansa: fata ce sumul. Ɗan Yaya ya ce an yi shi ne don ƙafa ta ɗan zame a takun ƙarshe, kada gwiwa ta sha nauyin tsayawa farat ɗaya. Na haya duk ƙafa biyun suna zamewa, domin ba a san hannun mai sawa ba. Na ƙwararru kuwa ƙafa ɗaya ce mai santsi, ta hagu ga mai jifa da dama, ɗayar roba ce mai kama ƙasa. Ya ja mini kunne da murya ƙasa-ƙasa: "Kawu, in za ka sabunta alwala ka cire shi. Ɗigon ruwa ɗaya ya taɓa ƙasan nan, ƙafarka cijewa za ta yi, mutum ya kifa da kilo bakwai a hannu."

Na je wurin ƙwallaye na zaɓi mafi nauyi, mai lamba 16. Lambar nauyinsa ce a laba, kilo bakwai da ɗoriya, kuma doka ba ta yarda a wuce haka ba. A tunanina nauyi da ƙarfi su ne za su share wurin. Muna yara muna jera gwangwanayen madara mu jefe su da ƙwallon tsumma, wanda ya fi ƙarfin dantse shi ke ci. Na ɗauki numfashi na wurga. Ƙwallon ya daki katako da ƙara, ya karkata, ya bi kwata har ƙarshe. Na biyu ya taɓa kwalaba ɗaya tak. A jifa na biyar wuyan hannuna ya fara zafi.

A nan wani dattijo ɗan ƙasar Filifin ya matso. Shi ke kula da ɗan shagon kayan wasan da ke gefen zauren. Na tambaye shi ko a ƙasarsu ma ana yin wasan, sai ya dafa ƙirji ya kira sunan Paeng Nepomuceno, ɗan ƙasarsu da ya ci kofin duniya na bolin sau huɗu tsakanin 1976 da 1996. Yana magana cikin Larabci gauraye da Turanci, ɗan Yaya yana mayar mini.

Bai fara da jifa ba. Hannuna ya kama, ya buɗe tafin, ya duba yatsun kamar tela yana awo. Ya ɗauko mai lamba 12. Ya ce in zura babban yatsa gaba ɗaya in juya shi: in ya matse ba zai fita a kan lokaci ba, in ya yi sako-sako zan riƙa damƙar ƙwallon, damƙar nan kuwa ita ke kawo ciwon hannu. Sannan in shimfiɗa yatsan tsakiya da mai bi masa a kan sauran ramuka biyun, gaɓa ta biyu ta faɗo daidai bakin rami. Ya zura fensir tsakanin tafina da ƙwallon, ya shige da ƙyar, ya gyaɗa kai. Ya ce ana cewa mutum ya ɗauki kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa, amma shi ma'auninsa shi ne ƙwallon da za ka jefa sau ashirin ba tare da kafaɗarka ta karkace ba. Ya kuma nuna mini yadda ake ɗaukarsa daga mazubi, da hannu biyu a gefe da gefe, domin wani ƙwallon yana iya fitowa daga cikin injin ya matse yatsa.

"Hajji, ina kake kallo in za ka jefa?"

Na nuna masa kwalaben.

Ya girgiza kai. Daga layin iyaka zuwa kwalabar gaba ƙafa 60 ne, mita 18 da 'yan kai. Faɗin layin bai fi mita ɗaya da kaɗan ba, an raba shi falankai 39 sirara. Ya durƙusa ya nuna mini wasu alamomi bakwai masu kan kibiya da aka zana a kan katakon, kimanin ƙafa 15 daga iyaka, falanki biyar tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Tun shigowata suna nan ban gan su ba. Ya ce in manta da kwalabe, in kafa ido a kan kibiya ta biyu daga dama, wadda take kan falanki na goma, kada in ɗaga kai sai ƙwallon ya tsallake ta. Abin da yake kusa shi ido yake iya aunawa.

Sai tafiyar. Na juya baya ga layin iyaka na yi taku huɗu da rabi, inda na tsaya nan ne mafarina. Ƙafar dama ke fara fita, tare da ita a tura ƙwallon gaba. A taku na biyu ya sauka, a na uku ya kai ƙarshen baya, a na huɗu ƙafar hagu ta zame ya dawo da kansa ta gefen idon sawu. Ya yi ta maimaita kalma ɗaya, shuwayya-shuwayya. Hannu lilo ne, nauyin ƙwallon ke kaɗa shi. Babban yatsa ke fara fita, sauran biyun su biyo, hannu ya ƙarasa sama kamar mai miƙa hannu a yi musabaha. Ya ce in tsaya a haka in ƙirga uku. Wanda ya kasa tsayuwar, tafiyarsa ce ba daidai ba.

Na yi yadda ya ce, a hankali har ina jin kamar ƙwallon ba zai kai ba. Ya kai. Takwas suka zube.

Wurin da ake nema ba tsakiyar kwalabar gaba ba ne. Wanda ya dake ta a goshi, sau da yawa tsakiya ke zubewa a bar masa ta bakwai da ta goma, kowace a kusurwarta, kamar mai giɓi, kuma ba abin da ya fi wannan wuyar ƙarasawa. Ga mai hannun dama, ƙofar tana tsakanin ta ɗaya da ta uku. In ƙwallon ya shiga nan a ɗan karkace, kwalabe huɗu kawai yake taɓawa da kansa: ta ɗaya, ta uku, ta biyar da ta tara. Sauran shidan 'yan'uwansu ke kayar da su. Kowace tana da tsawon inci 15 da nauyin kilo ɗaya da rabi, ice ne mai tauri an lulluɓe shi da roba.

Washegari bayan sallar Juma'a na ce a mayar da ni. Mun je da wuri, zauren bai cika ba, sai na tarar da abin da ban gani ba da dare. Wani inji mai kama da babban akwati yana tafiya a kan layi shi kaɗai, yana goge tsohon mai yana shimfiɗa sabo. Dattijon ya ce in shafa ƙwallona bayan jifa. Na shafa, sai ga zoben mai siriri ya zagaye shi. Da can don kare katako ake zuba man, yanzu shi ne rabin wasan. Ana zuba shi a kimanin ƙafa 40 na farko, a bar na ƙarshen a bushe. Saboda haka ƙwallon gwani yana zamewa a kan mai, ya iso busasshen wuri ya kama ƙasa ya lanƙwasa, sannan ya mirgina ya shiga ƙofa. A wuraren shaƙatawa ana cika mai a tsakiya a rage a gefe, don ƙwallon da ya fita waje ya samu abin kamawa ya dawo. A gasa ana baje shi kusan bai ɗaya, ba rangwame. Kuma man ba ya zama wuri guda, kowane jifa yana kwasar wani yana tura wani gaba. Layin da ka sani da farkon wasa ba shi ne na ƙarshensa ba. Direban da ya saba da hanyar Birnin Gwari da damina zai gane wannan: hanya ɗaya ce, amma kullum sai an sake karanta ta. Dabarar da ya ba ni gajeriya ce. In ƙwallo ya kuskure ta hagu, ka matsar da ƙafarka hagu falanki ɗaya ko biyu, in ta dama ne ka matsa dama, kibiyarka kuwa tana nan ba ta canza ba.

A shagonsa akwai wani ƙwallo da aka raba biyu aka ajiye a kan kanta. Na ɗauka dunƙulen abu ɗaya ne, ashe kamar mangwaro yake, da ƙwallo a cikin ƙwallo. Na cikin yana da nauyi da siffa marar daidaito, shi ke sa ƙwallon ya juya yana canza gefe. Fatar waje kuma ita ke taɓa layi. Da ice mai tauri aka fara, aka koma roba a 1905, sai filastik wajen 1960, sai yuretan wajen 1980, sai wani irin rezin a farkon shekarun 1990, mai ƙananan ƙofofi da ke shan mai, wanda ya fi duka lanƙwasawa. Ƙwallayen haya yawanci filastik ne, shi ya sa baƙo zai yi ta murɗa hannu yana neman lanƙwasa bai samu ba. Sabon ƙwallo ba shi da rami. Sai an auna hannun mai shi, tazarar yatsu da kaurinsu da yadda suke tanƙwaruwa, sannan a huda. Na kalli yadda ya ɗaure wani shuɗi a kan injin huda, garin yana zubowa kamar tsaki, ya ɗauko sanfefa ya bi bakin ramin babban yatsa, ya gwada da nasa, ya sake bi.

Jinin kasuwa ya motsa mini, na tambayi kuɗin shuɗin nan. Bai faɗa ba. Ya tambaye ni ko akwai wurin wasan kusa da gidana. Na ce babu.

"To kada ka saya, Hajji. Kilo shida ne a jakarka, kuma zai zauna a ƙarƙashin gado."

Ya ce ko mai zuwa kullum, takalminsa ya kamata ya fara mallaka, da tawul na goge mai. Bayan nan ƙwallon da aka huda da awon hannunsa, matsakaicin kuɗi. Kuma kada a bar shi a but ɗin mota, domin zafin Jidda yana tsaga shi. Na ga girman mutumin a nan. Ciniki ya zo masa har kanta ya mayar da shi.

A layin da ke gefenmu wasu samari biyu suna jifa da hannu biyu, ba sa ma zura babban yatsa. Ɗan Yaya ya ce salon Jason Belmonte ne, ɗan Ostareliya, wanda aka yi wa dariya da fari har ya zo ya fi kowa cin manyan kofunan ƙwararru a Amurka. Can Amurkan ne aka tsara dokokin wasan a birnin New York a 1895. Can baya da kwalabe tara ake yi, har jihar Connecticut ta hana shi a 1841 saboda caca. Yara ne kuma ke zama a ƙarshen layi suna sake jera kwalabe da hannu, sai a farkon shekarun 1950 injin kamfanin AMF ya karɓi aikin.

Ina kallon dattijon nan mai jikoki na jiya, wanda ya sake dawowa, sai unguwarmu ta faɗo mini. Samarinmu suna da gidan kallon ƙwallo da teburin sinuka a ƙarƙashin rumfa. Ban san wuri ɗaya a kusa da mu ba da uba zai je da 'yarsa da kakarta su yi wasa ɗaya, ba gudu, ba gardama, kowa da nauyin da zai iya. Na san abin da zai ci: wuta marar yankewa, na'urar sanyi, mai da kayan gyara daga waje. Amma yanzu akwai injin da ke ɗaga kwalabe da igiya, mai sauƙin kuɗi da gyara, wanda hukumar wasan ta Amurka ta amince da shi a 2023. Masu gina manyan kantuna da wuraren biki a Kano da Katsina da Sakkwato ya kamata su duba. Da gaske nake.

Lissafin maki shi ne ya fi zama mini a rai. Wasa gida goma ne, kowane gida jifa biyu, sai na ƙarshe da kan kai uku. In ka zubar da goman a jifan farko, sitiraik ke nan, ka samu goma da abin da jifa biyu na gaba suka kawo. In sai a na biyu ka ƙarasa, ka samu goma da abin da jifa ɗaya na gaba ya kawo. Sitiraik 12 a jere su ne 300, ƙarshen maki. Kowa a zauren sitiraik yake wa tafi. Dattijon mai shago ya jawo takarda ya rubuta mini lissafi biyu. Mutum ya riƙa zubar da tara a kowane gida yana kuskuren ɗayar da ta rage: makinsa 90. Wani ya riƙa zubar da taran nan dai, amma yana ƙarasa ɗayar: makinsa 190, ba tare da sitiraik ko ɗaya ba. Na sake lissafawa da kaina. Haka ne. Maki ɗari cur a kan kwalabar da ba wanda ke kallo.

Ƙarashen ma yana da ƙa'ida. In abin da ya rage yana hagu, mai hannun dama ya matsa dama: falanki uku ga kwalaba ta biyu, shida ga ta huɗu, tara ga ta bakwai, ya bi ta kibiyarsa ta kullum. Matsalar ita ce ta goma, wadda ke tsaye a kusurwar dama a bakin kwata. Ita ce ke yawan rage wa mai hannun dama, kuma ƙwallo mai lanƙwasa guje mata yake yi. Shi ya sa za ka ga gwani, da duk tsadar kayansa, yana ɗauke da ƙwallon filastik guda ɗaya mai tafiya sak, saboda ita.

Sau uku ta rage mini a ranar, sau biyu ina bin gefen dama ƙwallon yana faɗawa kwata kafin ya kai. A gida na tara ta sake tsayawa ita kaɗai. Na jira mutumin da ke damana ya jefa, don haka ladabin wurin yake. Na shanya yatsuna a kan 'yar iskar da ke fitowa daga mazubi.

"Kawu, koma can ƙarshen hagu. Ƙara. Ƙara kaɗan. Khalas. Kibiyar tsakiya za ka kalla, ka miƙe hannu, kada ka murɗa."

Daga inda na tsaya sai na ga kamar layin ya ƙara faɗi. Na juya kafaɗata ta fuskanci kusurwar, na sauke ido a kan kibiya ta huɗu. Dama, hagu, dama, zamewa. Ƙwallon ya ratsa layin a karkace, yana matsawa bakin kwata a hankali, har na ji ɗan Yaya ya riƙe numfashi a bayana. Sai ƙara ɗaya, siririya, kwas.

Wasan ya tashi ina da 112. Dattijon yana can bakin shagonsa da sanfefa a hannu, ya ɗaga mini yatsa ɗaya ya koma kan aikinsa. Muka mayar da takalman haya muka karɓi namu, domin an kusa kiran magariba kuma Yaya ta riga ta bugo waya sau biyu, ta ce miyar kuka ta yi, da kukar da na kawo mata daga Kurmi.